Wai dole ne hutun ma'aikaci ya kawo kuɗi?

Hauwa'u Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, kuma ina so a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Na ɗauki hutuna na shekara. Ban yi tafiya ba, ban saro kaya ba, ban shiga ajin koyon kek ko turaren wuta ba. Littafi na saya mai farar takarda marar layi. Idan yara sun tafi makaranta na kammala aikin gida, sai in zauna in yi zane a ciki, in shafa kala, in manna 'yan tarkace, in yi rubutu a gefe. Da na koma ofis aka tambaye ni me na samo a hutun, na faɗa. Wata babbar yayarmu a wurin aiki ta ce wallahi na ba ta tausayi, mace da hankalinta ta ƙarar da hutu guda cur a wasan yara. To ni tambayata, sai hutu ya haifar da kuɗi ko ziyarar dangi sannan za a ce an more shi?

Alhaji Ɗanlami Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya Hauwa, tunda kin ce a faɗi gaskiya, ni ina bayan yayar taku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wane ma'aikaci ne albashinsa yake kai shi ashirin ga wata? Mafi ƙarancin albashin da aka mayar naira dubu 70 a 2024, me zai tsinana wa mai iyali? Hutun nan shi kaɗai ne lokacin da ma'aikaci yake da shi na kafa wata hanyar samu. Ku na gwamnati ma kun ji daɗi, daga mataki na 7 zuwa sama kwana 30 ake ba ku. Yaran da ke aiki a kamfanoni, abin da dokar ƙwadago ta wajabta a ba su kwana 6 ne kacal bayan sun cika shekara, wasu ko shi ba sa gani. A ce mutum ya samu wannan damar ya ƙarar a manna takarda? Haba.

Khalifa: Alhaji, kai da ko ranar Sallah sai ka leƙa shago, ai ba kai za a tambaya maganar hutu ba 😂

Alhaji Ɗanlami Kwari: Shi ya sa ban taɓa zuwa wurinka rance ba, yaro.

Sista Rabi: Ku dakata tukuna. Hauwa'u, ni ban ma gane irin littafin ba. Zane kike koya, ko labarin rayuwarki kike rubutawa?

Hauwa'u Kurna: Anti Rabi, duk sun haɗu a ciki. Bari in ba ki misalin shafi ɗaya. Na dawo daga Kasuwar Rimi na zube cefane a tire. Kafin in fara girki sai na zana attaruhu da albasa guda da na raba biyu, da baƙin biro kawai. Albasar ce ta ba ni aiki. Sai da na ƙura mata ido na ga zoben cikinta ba a tsakiya suke haɗuwa ba, sun karkata gefe guda, kuma jan nan a bakin kowane zobe yake, cikin fari ne tas. Tun ina yarinya nake yanka albasa, ban taɓa lura ba. A ƙasan zanen na rubuta kuɗin kowanne da kwanan wata. A gefe na manna ɗan ƙyallen atamfar da tela ya rago daga ɗinkin Sallar 'yata, na rubuta wata magana da ta yi da safe da ta ba ni dariya. Shafin ke nan. Wani shafin kuma babu zane ko ɗaya. Ranar raina a ɓace yake, na rubuta duk abin da ke cina, na bi na shafe shi da shuɗi mai duhu har ba a ganin harafi ko ɗaya.

Usman Gwale: Ni abin da ya dame ni daban ne. Zane fa akwai magana a kansa a addini, kada a yi ta hira a manta. Malam Nasiru yana kusa?

Malam Nasiru Zariya: Ina nan, Malam Usman. Abin da hadisai suka yi tsanani a kansa shi ne surar abu mai rai, mutum ko dabba. Wani mutum ya zo wa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce da yin surori yake cin abinci. Ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), sannan ya nuna masa cewa idan ba makawa sai ya yi, to ga bishiya nan da duk abin da ba shi da rai. Saboda haka albasa da attaruhu da fure da ginin gida, ba inda aka hana. Mai rai a kan takarda, wanda ba shi da inuwa, malamai sun yi saɓani. Da yawa daga malaman Malikiyya sun tafi a kan karhanci ne, wasu malaman kuma sun haramta gaba ɗaya. Wanda ya kauce ya huta.

Amma ni bayanin Malama Hauwa'u kundin kakanmu ya tuna mini. Yana hannun baffana har yanzu, warwarar takardu ne a cikin gafaka ta fata. Wasu takardun idan ka ɗaga su ga haske za ka ga hoton jinjirin wata guda uku a jikinsu, irin takardar da fatake suke kawowa daga Italiya ta hanyar sahara. A ciki akwai addu'o'i, akwai baitocin waƙa, akwai ranar haihuwar kowane ɗa nasa, akwai wanda yake bi bashi da wanda ke binsa, akwai maganin shawara. A gefen wasu shafukan kuma sai ka ga ya yi 'yar zayyana da ja da rawaya, ba ta da alaƙa da abin da ke rubuce. Duk wanda ya ce tara irin waɗannan abubuwa a wuri guda baƙon abu ne a wurinmu, bai buɗe gafakar tsofaffi ba.

Alhaji Ɗanlami Kwari: Allah gafarta Malam, ai kakanka malami ne, kundinsa kayan aikinsa ne. Da shi yake ba da taimako ana yi masa alheri. Zayyana kuwa ai biya ake yi a yi wa yaro a allo ranar sauka. Ka ga ko a nan kuɗi ya shigo.

Malam Nasiru Zariya: Ta allon sauka ana biya, gaskiya ne. Ta gefen kundi kuwa wa zai biya, alhali ko matansa ba sa buɗe shi?

Malam Isiyaku Mai Zane: Ni malamin zane ne a sakandare, kuma zan ba Alhaji rabin gaskiya. A ƙasar Hausa ta da, hutun manomi shi ne rani. Da an kai amfani rumbu kowa zai ɗauko sana'ar hannunsa, wannan saƙa, wancan ɗinkin hula, wani tufkar igiya, wani tabarmar kaba. Kuma kasuwa ake kai su. Babbar riga mai aska takwas ma, kafin ta kai ga mai saye, wanda ya zana fasalin aikin da alƙalami da tawada a jikin yadin ya ci abinci, wanda ya bi zanen da allura shi ma ya ci.

Inda na rabu da Alhaji shi ne nan. Manomin da ya zauna a inuwa da allura a hannu, abin da yake yi ya sha bamban da noma ta kowace fuska. Bayansa ya huta da sunkuyo, ana hira, ba mai tsaye a kansa. Ma'aikacin yau da ya bar ofis ya koma tallar kaya a waya, me ya canja masa? Lissafi ne, bin bashi ne, ba mutane haƙuri ne, duk irin abin da ya baro. Ranar da zai koma aiki ya fi ranar da ya tafi gajiya, sai dai a ce ya ɗan samu na cefane.

Sista Rabi: Gajiyar nan ita muke gani kullum, a marasa lafiya da mu kanmu ma'aikatan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin gajiyar aikin nan mai cin rai a cikin kundinta, wadda mutum zai wayi gari ba ya ƙaunar ganin ƙofar ofis. Ba ta kira ta cuta ba, ta dai ce matsala ce da aiki ke haifarwa. Akwai kuma wani gwaji da aka yi a Jami'ar Drexel ta Amurka a 2016. Mutum 39 aka ba kayan zane da yumɓu da takardun mannawa, aka ce kowa ya yi abin da ya ga dama na minti 45. Da aka auna yawunsu kafin da bayan, kusan kashi 75 cikin 100 na mutanen, sinadarin kotisol, wanda ke hawa idan mutum yana cikin damuwa, ya sauka a jikinsu. Abin da ya burge ni, wanda ya iya zane da wanda bai iya ba duk ɗaya. Amma mutum 39 ba yawa ba ne, kuma ba a kwatanta su da waɗanda suka zauna kawai suka huta ba. Kada wani ya je ya ajiye maganin hawan jininsa ya ce Rabi ta ce a yi zane.

Maman Sadik: Duk na karanta abin da kuka rubuta. Tambayata ɗaya ce, wa yake dafa muku abinci? Ni malamar firamare ce, hutuna da na yarana rana ɗaya yake farawa, rana ɗaya yake ƙarewa. Ranar da aka ba da hutu ranar ake fara yi mini lissafi. Wankin labule, kwance kitso, kai yaro a duba masa haƙori, bikin 'yar ƙanwar maigida, gaisuwar rasuwar da ban samu zuwa ba tun wata biyu. Kowa ya buga waya sai ya ce ai kina hutu. Maza ku kuna iya cewa za ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa, a ce Baba yana aiki kada a dame shi. Ni in na rufe ƙofa, ta taga za a miƙo mini yaro. Ba ina hassada ba ne Hauwa'u, Allah ya ƙara miki. Amma a daina magana sai ka ce lokacin nan a ƙasa yake kowa ya tsinta.

Baba Audu Ritaya: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, maganarki tana kan hanya. Sai dai iyayenmu mata ma da aikin ya fi naku yawa, ga daka ga surfe ga ɗiban ruwa, amma za ki ga da la'asar an ɗauko mazari ana kaɗi, ko ana ɗinkin faifai mai kala-kala. Mahaifiyata faifan da ta fi so ba ta taɓa sayarwa ba, a bango take jere su.

Maman Sadik: Baba, da girmanka, su a babban gida suke. Yau wannan ke da girki, gobe waccan, ga 'yan mata birjik masu ɗaukar yara. Kuma ba wanda ke jiran su sa hannu a rajista ƙarfe bakwai da rabi. Ni kaɗai ce a ɗaki biyu da yara huɗu.

Hauwa'u Kurna: Maman Sadik, ni da gangan na nemi hutuna lokacin da yara suke makaranta, wanda ke ba ki da wannan zaɓin. Sauran lokacin kuma daga waya na ƙwato shi. Na duba inda wayar take nuna awoyin da na yi a kanta, na ga TikTok kaɗai ya ishe ni cika littafi.

Maman Sadik: Waya da hannu ɗaya ake riƙe ta, ɗayan yana juya miya. Fenti fa?

Hauwa'u Kurna: Nan kam ba ni da amsa.

Malam Isiyaku Mai Zane: Ba sai da fenti ba, Malama. Ƙaramin littafi da zai shiga jaka da biro guda sun isa, ko minti goma ne bayan sun yi barci. Ko ki ba yaran tasu takardar ku zauna tare.

Maman Sadik: Malam Isiyaku, ka taɓa ba ɗan shekara uku kala a gidan haya? Ka zo ka ga bangon falona, mai gidan ma ya gani. Bayan sun yi barci kuwa ni ma barcin nake yi.

Baba Audu Ritaya: To bari in faɗa wa Alhaji wani abu da ba zai gani daga kasuwa ba, don ɗan kasuwa ba ya ritaya. Mu an ce shekara 35 a aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa, ka tattara ka tafi. Na ga abokan aikina da ba su san komai ba sai fayil. Wata uku da sallama za ka gan su sun dawo bakin ma'aikata suna zaune wurin mai shayi, suna tambayar wa aka yi wa ƙarin girma. Ba kuɗi kaɗai suka rasa ba, sun rasa abin da za su yi da safiya. Ni ɗinkin hula na kama bayan na ajiye aiki, a wurin wani Babarbare maƙwabcina. Hannu yana so, ido ne yake gardama, sai na nemi jikata ta zura mini zare. Mai niyyar koyon aikin hannu ya koya tun yana ganin kafar allura.

Jamila Mai Lalle: Ni ce wadda ta bi shawarar Alhaji tun kafin ya ba da ita, bari ku ji yadda take. Tun ina sakandare bayan kowane littafina cike yake da zanen fulawa. Ba wanda ya sa ni, daɗi nake ji. Aka ce ai wannan kuɗi ne, na fara yi wa amare. Alhamdu lillahi, da shi na biya kuɗin makarantata har na gama, ba zan raina ba. Amma yanzu mace za ta zo ta miƙo mini waya ta ce wannan na Instagram nake so, kada ki ƙara kada ki rage. Daren Sallah ina sunkuye a kan ƙafafun mutane har ƙarfe biyu, wuyana ya riƙe, wata tana ƙorafin nata bai kai na ƙawarta kama ba. Na kai matsayin da in na ga robar lalle gabana faɗuwa yake. Abin da nake gudu in je gare shi in huta, shi ya koma abin da nake neman hutu daga gare shi. Bara na sayi littafi na koma zana nawa fulawoyin, waɗanda ba za su hau hannun kowa ba. Hauwa'u, duk wanda ya ce ki fara sayarwa, ki ce masa kin ji.

Alhaji Ɗanlami Kwari: Kin dai ce ya biya miki makaranta, ni nan na tsaya. Ku ɗauko naira 20 ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya, Ladi Kwali ke nan. Da a ɗaki ta ɓoye tukwanenta tana kallo, wa zai san ta, balle a sa ta a kuɗi?

Malam Isiyaku Mai Zane: Alhaji, Ladi Kwali ba ma'aikaciya ba ce da ta ɗauki hutu. Ginin tukunya sana'arta ce tun tana yarinya, a wurin gwaggonta ta koya. Baturen nan Michael Cardew a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanenta, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da ya buɗe a garin, wanda yanzu ake kira Suleja. Wannan labarin gwana ce a bakin aikinta. Hajiya Hauwa akawu ce, tana da aikinta, ba ta ce tana neman na biyu ba.

Isuhu Damagaram: Ina gaida jama'a, daga Zinder nake bin ku. Alhaji, in ka zo garinmu zan kai ka unguwar Birni ka ga fuskar tsofaffin gidaje. Ado ne tun daga bakin ƙofar zaure har sama wajen zanko, wani an tono shi a jikin shafe, wani an fito da shi waje, ga dagi ga takobi ga zobe cikin zobe. Mai gida bai samu ko dala da wannan ado ba, shi ya ma biya magina. Kuma da yawan masu gidajen fatake ne da attajirai irinka, waɗanda suka san zafin kuɗi.

Ni duk konje, wato hutun aiki, in na samu, kaye da bik, wato littafi da biro, nake ɗauka in tafi can da sassafe kafin rana ta yi zafi. In zauna a dakalin da ke kallon gida in kwafe adon. Hoto da waya minti ɗaya ne, na sani. Amma sai ka bi layin da hannunka kake gane inda magini ya fara da inda wuri ya ƙure masa ya matse zanen don ya shiga. Akwai gidan da na zana, damina biyu bayan nan fuskar ta zube, magada suka tayar da ita da bulo da siminti, sumul ba komai. Wani jikan gidan da ya ji labari ya zo har gida ya roƙi in bar shi ya ɗauki hoton shafin.

Alhaji Ɗanlami Kwari: Ka ga da ka ce ya biya, da ya biya.

Khalifa: Alhaji ba ya gajiya wallahi 😂

Fa'iza: Ni dai kun sa mini sha'awa. Amma na leƙa wani shagon kayan zane na ga kuɗin fenti da takarda, na fito da baya. Malam Isiyaku, da me talaka zai fara?

Malam Isiyaku Mai Zane: Ƙanwata, kada ki sayi komai mai tsada yanzu. Takarda ce kawai za ki kula da ita. Ta fotokwafi giram 70 ko 80 ce, tana ɗaukar biro da fensir lafiya lau, amma da ta sha ruwa za ta yi tudu da kwari. Ta fentin ruwa ta gaske giram 300 ce, ita ce mai tsadar. Tsakaninsu akwai farin kwalin nan da 'yan makaranta suke saye, ki yanka shi daidai girman da kike so, ki ninka, ki ɗinke tsakiyar da zare da babbar allura. Kin yi littafi.

Kala kuwa kicin ɗinki cike yake da ita. Ki jiƙa zoɓo da ruwa kaɗan ya yi kauri. Ja ne a kofi, amma a kan yawancin farar takarda in ya bushe sai ya juye ya koma wajen shuɗi-shuɗi. In kina son jan ya tsaya, ɗiga lemon tsami. In kika sa masa ɗan ruwan kanwa kuma sai ya tafi wajen kore. Kurkum zai ba ki rawaya, ganyen shayi da goro su ba ki ruwan ƙasa, jar ƙasa in kika tace ta da kyau ta ba ki ja mai nauyi. Sai ki jiƙa ƙaro ki zuba kaɗan a kowanne don ya kama takarda. Fentin ruwan da kika gani a shagon ma da ƙaro ake haɗa shi, irin wanda ake tsinta a dazukan Yobe da Borno da Jigawa a fitar waje. Illar zoɓo da kurkum ita ce rana tana cinye su, amma tunda littafi a rufe yake wuni, za su jima.

Abu biyu kuma. Da hunturu kala tana bushewa kafin ki ɗago buroshi, don haka ki haɗa da yawa ki yi sauri. Sannan kada ki yi manni da kullun fulawa ko sitaci, kyankyaso da gara za ki gayyato. Ki nemi farin gam na kafintoci ki ɗan sirka da ruwa.

Malam Nasiru Zariya: In baƙi kike so mai kyau, ba sai kin je shago ba. Ta allo da gawayi da ƙaro ake yi, shi ya sa take wankuwa. Wadda mahaddata suke rubuta Alƙur'ani da ita a takarda kuwa, bagaruwa ake jiƙawa da kashin maƙera, ko ƙusoshi masu tsatsa, a bar su su tsumu, a tace, a sa ƙaro. Da farko za ki ga ba ta yi baƙi sosai ba, sai ta sha iska take ƙara duhu. Kada dai ƙarfen ya yi yawa, don da daɗewa yana cin takarda. Alƙalamin kara kuma kowane almajiri zai fere miki.

Fa'iza: Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya. Gidanmu gidan yawa ne, ba abin da ake ajiyewa ba a buɗe ba. In na rubuta abin da ke raina, gobe a tsakar gida za a karanta shi.

Khalifa: Ki yi irin na Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya. Shi daga dama zuwa hagu yake rubutu a littattafansa, haruffan a juye, sai an kara madubi ake karantawa cikin sauƙi. Har jerin cefane da lissafin kuɗi akwai a ciki, gefe guda da zanen injina.

Malam Nasiru Zariya: Mu da muke da ajami me ya kai mu neman madubi? Yaran yanzu kaɗan ne za su zauna su haɗa baƙi da wasali don su ji sirrin wani.

Fa'iza: Malam, kakarmu da ajami take rubuta bashin adashi. Ita ce ma ta fi kowa bincike.

Hauwa'u Kurna: Ki rubuta ki shafe da kala, irin yadda na ce ina yi. Ke kin san abin da ke ƙasa, mai buɗewa shuɗi kawai zai gani.

Khalifa: Anti Hauwa, duk wannan surutun ba mu ga ko shafi ɗaya ba fa. A turo mana albasar nan mu gani.

Hauwa'u Kurna: Ba zan turo ba, Khalifa. Yau in na turo kuka yaba, gobe in na zauna zan fara tunanin wanne ne zai burge 'yan zaure. A ofis duk abin da na rubuta sai wani ya duba ya sa hannu. Wannan ɗaya dai ba mai duba shi.

Alhaji Ɗanlami Kwari: Ikon Allah. Ba a sayarwa, ba a nunawa, wani ma shafe shi ake yi. Ni dai har yanzu ban ga ribar ba, amma tunda ba rance kika ci kika sayi littafin ba, Allah ya ba da sa'a.

Jamila Mai Lalle: Alhaji, tunda ka sauko, a taimaka mana da ragowar ƙyallayen atamfa na mannawa.

Alhaji Ɗanlami Kwari: Ban sauko ba. Kuma mu turmi muke sayarwa, ba ma yanka. Ƙyalle sai wurin teloli, su ma ku yi sauri, don masu cusa filo a buhu suke saye.

Maman Sadik: Wanda zai je wurin telan ya biyo ya ɗauki Sadik da ƙannensa na awa biyu. In an yi haka, ni ma a sayo mini littafin.